Ina Gajiya, Inna?

A cikin birni ba a amsa "Ina gajiya?" da gaskiya. Ko ranga-ranga aka ɗauko ka, in an tambaye ka sai ka ce "Ba gajiya." Ni na fi shekara talatin ina wannan ƙaryar, sau ashirin a rana in ba ta fi ba, tun daga zauren gidanmu har shagon da nake ɗinki kusa da Ƙofar Kuyambana. Tafiyar ba ta kai minti goma ba ga mai lafiya. Ni sai na tsaya sau biyu, kuma dakalan da ke wannan lungun na san su fiye da masu gidajen.

Sana'ata ɗinkin hannu ce, aikin wuyan babbar riga. A wurin mahaifina na gada, kuma ba zan yi kawaici a nan ba, na iya. In na zauna wa aska takwas da zaren tsamiya, duk inda aka kai rigar sai an tambayi wanda ya yi ta. Matsalata ɗaya ce. Rigar da abokan aikina ke gamawa a wata biyu, ni takan kai ni huɗu. Da hantsi ya yi sai hannuna ya yi nauyi, allura ta koma mini taɓarya, fatar idona ta sama ta sauko ta rufe rabin ganina. Sai in ɗaga haɓa in riƙa leƙen aikin ta ƙasan ido. Saboda ɗaga haɓar nan wasu suka yanke cewa girman kai gare ni. Saboda idon kuma 'yan shago suka riƙa tsokanata, wai duk Zazzau ni kaɗai ne nake ɗinki ina barci.

Gajiyar da nake nufi ba irin ta wanda ya yini a gona ba ce, wanda zai watsa ruwa ya kwanta ya tashi garau. Tawa tare muke kwana, kuma tana riga ni tashi. Barci ba ya taɓa ta, shayi ba ya taɓa ta. In na matsa wa kaina yau, gobe da jibi sai na biya da kwanciya.

A gidanmu an daɗe da samo wa abin suna. Goggo, yayar mahaifina, ita ta raɗa shi: son jiki. Kuma ta san inda na samo shi, don tun ina ƙarami nake jin ta tana cewa ƙaninta tabarma ya auro musu, ba mace ba. Tabarmar ita ce Inna, mahaifiyata. In Inna ta ɗauki taɓarya, bugu goma sai ta jingina da bango. Wanki ɗaya takan raba shi kwana biyu. A gidan biki, mata na kan manyan tukwane, ita za ka same ta a gefe tana tsince shinkafa a zaune, idonta rabi a rufe irin nawa. Da ta manyanta kunnenta ya yi nauyi, aka kuma ce tana da ciwon suga, ita da ba ta da ƙibar kirki. Goggo ta ce ai dole, jikin da bai san wahala ba ina zai kai sugan.

Abin da Goggo ba ta taɓa lissafawa ba shi ne, tuwon dare bai taɓa fashi a gidan nan ba. Yakan makara, amma yana zuwa. Ni ma ban lissafa ba a lokacin. Kunya Inna take ba ni, in faɗi gaskiya, kuma haushinta nake ji don na ga halinta a jikina. Na yarda ni raggo ne ɗan raguwa, na kuma yi shekaru ina zagin kaina da kalmomin Goggo.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma wanda ya tashi a birni ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta zama hira da ni. In na shigo ɗakinta sai ta sami abin kallo a bango. Ƙanwata takan kwanta a gadonta su yi ta surutu har a gaji da su, ni kuwa duk maganar da ke tsakaninmu gaisuwar safe ce. In durƙusa a bakin ƙofa, in ɗaga murya saboda kunnen.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Allah ya yi albarka."

Daga nan sai in miƙe, da ƙyar, in dafa bango in fita. Ita ma tana ganin dafa bangon, ba ta taɓa cewa komai ba.

Akwai ranar da na kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan Ƙofar Doka saboda sugan. Daga inda mai Keke ya sauke mu zuwa bencin jira sau biyu ta tsaya tana maida numfashi. Likitan da muka samu saurayi ne daga kudu, mai kirki, ya koyi Hausarsa a kasuwa kuma yana alfahari da ita. Yana da jerin tambayoyi a takarda.

"Mama, akwai zazzaɓi?"

"Babu."

"Ciwon kai?"

"Babu."

Ya duba takardarsa, ya ɗan yi tunanin yadda zai faɗa, sai fuskarsa ta washe don ya tuna jimlar da yake ji kullum a hanya. "Mama, ina gajiya?"

"Ba gajiya, likita. Ya aiki?"

Ya ce aiki da godiya, ya sa biro ya rubuta cewa ba ta fama da gajiya. Ina tsaye a kanta, hannuna riƙe da jakarta, ban gyara masa ba. Ban ga laifinsa ba har yau. Ni kaina sau nawa na je asibiti aka yi mini wannan tambayar na ba da wannan amsar, aka auna jinina aka ce ba maleriya ba taifot, aka sallame ni da maganin ƙarin jini. In mutum ya gaishe ka, amsawa za ka yi, ba ƙorafi ba.

Abin ya zo ƙarshe ne a wani azumi, ina da shekara talatin da tara. Tun watanni baya na karɓi rigunan Sallah guda biyu, na kuma rantse wa kaina wannan karon sai na nuna wa 'yan shago. Na yi kwana goma sha biyu ina ɗinki daga safe har yamma, baki a bushe. Rana ta goma sha uku, a sallar La'asar, na yi sujada ta ƙarshe, liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni ƙafafuna da hannuwana suka ce ba da su ba. Hankalina garau, ina jin komai. Mutum biyu suka ciccibe ni zuwa gida. Matata ta dube ni ta ce ita fa ta gaji da maganin ƙarin jini, gobe babban asibiti za mu, in na ƙi za ta kira 'yan'uwanta su ɗauke ni kamar yadda aka kawo ni.

Bayan an yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, muka faɗa hannun wata likitar jijiyoyi, babbar mace mai tabarau. Daga gaisuwarta na gane 'yar birni ce. Ta ce Malam ina yini, ina gajiya, na ce ba gajiya. Sai ta ajiye biro, ta cire tabarau.

"To, Malam, mun gama gaisuwa. Yanzu tambaya zan yi. Daga gidanka zuwa wurin aikinka, sau nawa kake tsayawa?"

Tunda nake ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce sau biyu. Ta ce tun yaushe, na ce tun ina saurayi. Ta ce in ɗaga hannuwana sama in riƙe, ta duba agogo, ba a je ko'ina ba suka sauko da kansu. Ta ɗaga fatar idona da yatsa ta saki. Sannan ta ce wa ke da irin idon nan a gidanmu. Na ce Inna, da ƙanwata kaɗan, da kawuna ƙanin Inna. Ta ce 'ya'yan kawun fa, na ce waɗannan ƙarti ne, buhu suke ɗauka a ka. Ta gyaɗa kai kamar amsar da take jira ke nan. Da ta ji zancen kunnen Inna da sugan, sai ta ja wata sabuwar takarda.

An ɗebi jinina ba sau ɗaya ba, an yanki ɗan nama a cinyata, an aika wani abu ƙasar waje, muka yi watanni muna jira. Ranar da sakamako ya dawo ta zaunar da ni da matata. Ta faɗi sunan abin, mitokondiriya, na maimaita sau uku kafin harshena ya kama. Ta ce a cikin kowace ƙwayar naman jikin mutum akwai wasu 'yan ƙananan murhu da ke mayar da abinci ya zama ƙarfi. Nawa, wasunsu tun asali ba sa ci da kyau. Itace na nan, tukunya na nan, wutar ce ba ta isa. Ta ce irin nawa daga uwa ake gado, uba ba ya bayarwa, shi ya sa 'ya'yan kawuna suka tsira, kuma ni ma ba zan ba nawa ba. Sannan ta dube ni sosai ta ce ba a samo maganin warkewa ba, sai dai lallaɓawa: kar in zauna da yunwa, in huta kafin in faɗi ba bayan na faɗi ba, in raba aiki, zancen azumi kuma in je in tambayi malamai da takardarta a hannu.

Na fito ina murmushi har matata ta ɗauka ban ji sashen "ba magani" ba. Na ji sarai. Amma an ce mini ba raggo ba ne ni, kuma wannan ya fi mini kowace ƙwaya daɗi. A Keke ma sai na kama kaina ina dariya ni kaɗai.

Cikin wata guda na juya rayuwata. Ina karyawa da kyau, in yi ɗinki daga safe zuwa hantsi, in ajiye allura tun hannuna bai roƙa ba, in miƙe a bayan shago ba tare da neman afuwar kowa ba, in dawo bayan La'asar. Malamin unguwarmu ya karanta takardar likita ya ce ciyarwa ta wadatar mini. Mai kawo riga kuma tun a bakin shago nake gaya masa wata huɗu ne, in yana sauri ga masu injin can sun fi ni sauri. Kaɗan ne suka tafi. Aikin ma ya ƙara kyau, don na daina ɗinki da hannun da ke rawa. In ɗan shago ya ce mini "Ina gajiya?" da irin muryar tsokanar nan, sai in ce tana gaishe shi.

Abu ɗaya ne ya gagare ni. Likitar ta ce lallai in kawo Inna, a duba zuciyarta, a sake duba maganin sugan da take sha, don ba kowanne ne ya dace da mai irin ciwonmu ba. Na san Inna. Ba za ta je ba sai ta ji dalili, in ma ta je "Ba gajiya" za ta ce. Dalilin kuwa shi ne in durƙusa a gabanta, ni ɗan farinta da ba ta ko kiran sunansa, in ce mata abin da ke jikina daga jikinta ya fito. Matata ta ce bari ita ta faɗa mata. Ƙanwata ta ce a bar mata, ta waya ma za ta iya. Na ce a'a, ni zan faɗa. Na yi wata biyu ina zuwa gaisuwa da maganar a bakina ina komawa da ita.

Bakina ne ya ɓata shirin, kamar yadda ya saba. Aka yi suna a gidanmu, matar ɗan'uwana ta haihu, tsakar gida cike da mata. Na shigo karɓar abincin baƙi, sai na ji muryar Goggo, wadda tsufa ya rage mata haƙora bai rage mata harshe ba. Tana nuna Inna da sanda, Inna na zaune a gefe tana yanka albasa.

"Ku dube ta. Shekara arba'in ba ta gaji da hutawa ba. Ga ɗanta can, shi ma an ce yanzu har shimfiɗa gare shi a shago."

Mata suka yi 'yar dariyar da ake yi wa tsofaffi. Ni kuwa kaina ya yi zafi. Na ajiye tiren.

"Goggo, shekara arba'in tana dafa miki tuwo da ciwo a jikinta, kina ci kina zaginta. Ciwo ne, likita ta tabbatar, a jini yake. Wanda ke jikina ma a wurinta na gada."

Na ɗauki tirena na fita ina jin kaina wani gwarzo, sai da na kai zaure na gane abin da na yi. Inna ba ta ji ba saboda kunnen. Amma mata talatin sun ji, kuma na san rabin da za su kai mata.

Washegari na durƙusa a bakin ƙofarta na ce ina kwana. Ba ta amsa ba. Tana zaune a tabarma da carbi a hannu, kuma wannan karon ba bango take kallo ba, ni take kallo.

"An ce ka ce ni na sa maka ciwo."

Na ji kamar in nutse. Maganar ba ta ihu ba ce, kuma daga bakin ƙofa sai da ihu take ji. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo, na shiga ɗakin, na matsa kusa da kunnenta na hagu, wanda ya fi ji. Na gaya mata zancen murhun kamar yadda likita ta gaya mini. Na ce ba wanda ya sa wa wani komai, halitta ce, kamar yadda na ɗauko tsayin mahaifina ba tare da ya yi niyya ba. Na gaya mata tsayawar da nake yi a dakalai, da abin da ya faru a masallaci.

"Inna, ba son jiki ba ne. Ba ki taɓa zama raguwa ba. Da rabin wuta kika riƙe gidan nan."

Ta ci gaba da jan carbinta. Na shirya wa kuka, na shirya wa fushi. Abin da ta tambaya ban shirya masa ba.

"Ni kuma wa ya ba ni?"

Na ce likita ta ce daga uwa ne. Daga Iya ke nan, Allah ya ji ƙanta.

Iya kakata ce, ta rasu ina goye, ban san ko kamanninta ba, kuma ban taɓa jin Inna ta yi zancenta ba. Carbin ya tsaya. Ta mayar da idonta bango, ta fara magana a hankali, kamar ba da ni take ba.

"Lokacin wankan jegon farko, da na je gida, ita ke dafa mini ruwa. Kullum sai rana ta ɗaga ruwan bai tafasa ba. Rannan na ce mata, a gaban mutane, 'Ke dai Iya son jiki ya yi miki yawa.' Washegari na fito na tarar ruwa ya tafasa tun da sassafe, ita kuma tana zaune a ƙasa kusa da tukunyar, ta kasa tashi. Na ce Iya ina gajiya. Ta ce ba gajiya."

Wankan jegon farko, na haihuwata ke nan. Ko a wannan halin ba ta ce "haihuwarka" ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ni ma nawa suka zo, na bar su. Tausayinta ya kama ni, da na tsohuwar da ban sani ba, har na rasa wadda na fi ji wa. Can ta ce, "Allah ya yi albarka," wato in tashi in tafi. Na fita ban yi zancen asibiti ba, kuma ranar ban iya ɗinka ko layi ɗaya ba. Ban sani ba ko sauke mata kaya na yi ko ƙara mata.

Da safe na koma. Na durƙusa a inda na saba, a bakin ƙofa, na ɗaga murya.

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

Na ɗauka ba ta ji ba, na buɗe baki zan maimaita.

"Tana nan," in ji ta. Sai ta ɗan dube ni. "Taka fa?"

"Tana nan, Inna."

Ta jawo carbinta da kofin kunu gefe guda, ta matsa, ta bar rabin tabarmar.

"To bar durƙuson nan haka, yana cin ƙafa. Zauna. Wace rana za ka kai ni wurin likitar nan?"